RA'AYINMU: A Tausaya wa Wuyan Hannu

Lokacin rubuta kundin digiri ya sake zagayowa, 'yan ajin ƙarshe sun duƙufa kan kwamfuta ba dare ba rana, wani bisa gado, wani da ita a cinya. Himma abar yabo ce. Amma fa ya zama wajibi mu jawo hankalin 'yan'uwa ɗalibai ga wata gaɓa da ake wa aikin bauta ba a ko tuna ta, watau wuyan hannu.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Tun 1713 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya bayyana ciwon hannu da yakan kama magatakarda saboda yawan rubutu. Alƙalami ya sauya, hannu kuwa yana nan yadda Allah Ya halitta shi. A cikin wuyan hannu akwai wata ƙuntatacciyar kafa wadda jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu suke bi, tare da wata jijiya guda mai kai ji ga babban yatsa da manuniya da na tsakiya. Idan hannu ya daɗe a tanƙware, matsi yakan ƙaru cikin kafar nan. Wanda yatsunsa suke sagewa har su tashe shi daga barci, to, ya garzaya asibiti.

Abin mamaki, 'yan ƙafafun nan biyu da ke ƙarƙashin allon madannai, waɗanda kowa ke ɗokin miƙewa, su ne ke ƙara tanƙwara hannu sama. Sauƙin ganin haruffa kurum suke kawowa. A naɗe su, allon ya kwanta daidai, ko ma bayansa ya ɗan sunkuya. Madannai su yi daidai da tsayin gwiwar hannu, kafaɗu a sake, wuyan hannu ya miƙe sak da damtse, kada ya karkata dama ko hagu. Kada a dasa shi kan bakin tebur ana bugawa. Tsofaffin akawuna masu keken rubutu sukan ɗage hannu sama, yatsu suna sauka. Darasi ke nan gare mu. A kuma riƙa tsayawa kowane rabin sa'a ana motsa yatsu.

Sai dai shawara ba ta wadatar da wanda ba shi da teburin kirki. Don haka muna kira ga Hukumar Jami'a da ta duba tsayin tebura da kujerun ɗakunan kwamfuta da na karatu, shugabannin Ƙungiyarmu kuma su sa batun cikin buƙatun da za su gabatar. Hannun da ke buga kundi yau shi zai ci da iyali gobe, rigakafi kuwa ya fi magani.

Edita