Safar matse ƙafa: Yadda matafiyi zai zaɓi wadda ta dace da shi

Yau za mu duba wani ƙaramin guzuri da matafiya ke mantawa da shi, alhali yana iya kare mutum daga babbar cuta, wato safar matse ƙafa.

Duk wanda ya taɓa hawa jirgi daga Legas zuwa Jidda ko Landan, ko ya kwana a babbar mota daga Legas zuwa Kano, ya san yadda ƙafa ke kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Dalili shi ne, tsokar bayan ƙwauri, wadda muke kira sha-raɓa, ita ce ke tura jini sama zuwa zuciya duk lokacin da muka taka ƙasa. Idan mutum ya daɗe zaune gwiwa a lanƙwashe, sai jini ya riƙa taruwa a ƙasa. Kumburin kan saɓe da kansa. Abin tsoro shi ne jinin ya daskare a jijiya ta ciki, gudan ya ɓalle ya tafi huhu ya toshe hanya. Wannan kan yi kisa cikin ɗan lokaci.

A shekarar 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin daskarewar jini yakan kusan ninka biyu bayan tafiyar awa huɗu ko fiye a zaune, a jirgi ne ko a mota. Duk da haka ta ce ƙalilan ne abin ke samu, kimanin mutum 1 cikin 6,000. Saboda haka ba kowa ne ke buƙatar safar ba. Waɗanda ya kamata su fi kula su ne masu juna biyu, da mai jego a makonni shida na farko, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, da wanda bai daɗe da yin tiyata ba, da mai ciwon daji ko sikila, da mai ƙiba sosai, da tsofaffi, da wanda jini ya taɓa daskare masa.

To, wace iri za a saya? A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton kowace safa mai matsi ta wadatar. Ta gaskiya an saƙa ta ne yadda za ta fi matsewa a idon sawu, matsin yana raguwa yayin da ake hawa sama, ta haka take taimaka wa jini komawa zuciya. Safar 'yan ƙwallo ko wadda robarta ke shaƙe ƙasan gwiwa akasin haka take yi.

Na farko, a duba lambar matsi a jikin kwali, ana rubuta ta da alamar mmHg. Abin da likitoci ke ba matafiya shawara shi ne tsakanin 15 zuwa 30 a idon sawu. Mai lamba 15 zuwa 20 ta ishi yawancin mutane, kuma ta fi sauƙin sakawa. Wadda ta haura 30 kuwa sai da umarnin likita. In babu lamba a kwalin ko kaɗan, a bar wa mai kanti kayansa.

Na biyu, awo. Girman takalmi ba shi ne ma'auni ba. A samu tef irin na tela, a auna ƙafa da safe kafin ta kumbura: kewayen siririn wurin da ke saman idon sawu, da kewayen sha-raɓa inda ta fi kauri, da tsawo daga diddige zuwa ƙasan gwiwa. Da waɗannan lambobi za a je kantin magani a gwada da jadawalin da ke kwalin. Mai tsayawa ƙasan gwiwa ta isa, ba sai mai kaiwa cinya ba. Kada Hajiya ta ari ta maigida, kowa da awonsa.

Na uku, a gwada ta a gida kwana biyu kafin tafiya. Ranar tafiya a saka ta tun da safe, a miƙar da ita babu tattara, kuma kada a naɗe bakinta ƙasa, domin naɗin kan zama kamar ɗauri. In yatsu suka yi sanyi, ko suka mutu, ko launinsu ya sauya, a cire nan take.

Akwai kuma waɗanda safar za ta iya cutarwa: mai toshewar hanyoyin jini da ke kai jini ƙafa, da mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, da mai gyambo ko ƙuraje a ƙafa, da mai ciwon zuciya mai tsanani. Su fara ganin likita. Maniyyata maza kuma su tuna ba a saka safa cikin harami, sai su cire kafin mikati, mai lalura ya tambayi malamai. Mata ba su da wannan matsala.

Safa ba ta ɗauke wa mutum motsi. A riƙa tashi ana ɗan takawa a jirgi, a sauko a miƙe ƙafa duk inda mota ta tsaya, a riƙa ɗaga diddige da yatsu a zaune, a sha ruwa. Wasu kan ƙi shan ruwa don gudun zagayawa, wannan ba dabara ba ce.

Bayan an sauka, ko da an yi makonni, in ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi da ciwo, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko aka yi tari da jini, kada a tsaya tausa ko gashi da ruwan zafi. A garzaya asibiti, a gaya wa likita cewa an yi doguwar tafiya.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.