Addu'a Ba Ta Ranar Lahadi Kaɗai Ba Ce

Yau maganarmu da 'yan'uwa Kirista na Magarya da Dungas take.

Tun shekarar 1924 'yan mishan na SIM suka sauka Damagaram, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Littafi dai ya shiga hannu, amma ina lokacin buɗe shi? Falke ya yi sammakon kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ma'aikaci yana sauri zuwa biro, addu'a sai Lahadi.

Ku dubi maƙwabcinku Musulmi: ladan na kira, ya bar awo ya kama alwala, sau biyar a yini, cinikinsa kuwa bai mutu ba. Annabi Daniyel babban ma'aikacin sarki ne, amma sau uku kullum yake durƙusawa, har abin ya kai shi ramin zakoki.

A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u a Damagaram. Wanda addu'arsa ta tsaya ga gini, ran nan ya rasa mafaka. Wanda ya saba yi a ɗakinsa, wuta ba ta ci tasa ba.

Saboda haka ku yanka lokaci: da asuba kafin fita, da dare tare da iyali. Ba a fafe gora ranar tafiya.