Sharhi: Ƙurar asbestos da doguwar hanyar neman diyya ga tsoffin sojojin Amurka da Birtaniya

A watan Maris na 2024 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta sanar da haramta farin asbestos, nau'i na ƙarshe da ake shigowa da shi ƙasar. Birtaniya ta yi nata haramcin tun 1999. Sai dai matakin ya zo a makare ga dubban 'yan mazan jiya, musamman sojojin ruwa, waɗanda suka shaƙi ƙurarsa shekaru 40 ko 50 da suka wuce, kuma sai yanzu cutar take bayyana a ƙirjinsu. Abin da ya rage musu shi ne neman diyya, a nan kuwa ake ta kai ruwa rana.

Asbestos ma'adini ne mai zare-zare da ba ya cin wuta, yana kuma tare zafi. Mu ma mun san shi a silin da rufin tsofaffin gidajen gwamnati. Gobara ce babbar abar tsoro a jirgin ruwan yaƙi, don haka daga shekarun 1930 zuwa na 1970 aka riƙa naɗe tukwanen tururi da bututu da injuna da shi. Duk lokacin da aka zo gyara, sai a ɓamɓare shi a cikin ɗakin injin da iska ba ta ratsawa, makanikai su shaƙi ƙurar ba tare da kariya ba. Zarurrukan sukan maƙale a huhu, su kwanta shiru shekaru 20 zuwa 50, sannan su haifar da ɗaya daga cikin manyan cututtuka uku: asbestosis, wato tabon da ke ƙandarar da huhu, sankarar huhu, da mesotiliyoma, sankarar da ke kama tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda galibi ba ta barin mai ita ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu bayan an gano ta.

Wannan tazara ce tushen matsalar. Cutar takan ɗauki rabin ƙarni kafin ta fito, ta gama da mutum cikin watanni, shi kuwa tsarin biyan diyya yana tafiyar hawainiya.

Farar hular da ya kamu da cutar a masana'anta yana iya maka mai aikinsa a kotu. Soja ba shi da wannan damar. A Amurka, hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Feres a 1950 ya hana soja ƙarar gwamnati kan lahanin da ya samu a bakin aiki. A Birtaniya ma sashe na 10 na wata doka ta 1947 ya yi irin wannan hani. An soke sashen a 1987, amma sokewar ba ta waiwayi baya ba, alhali mafi yawan masu cutar sun shaƙi ƙurar ne kafin wannan shekara. Wani tsohon makanikin lantarki na rundunar ruwa, Alan Matthews, wanda ya yi aiki daga 1955 zuwa 1968, ya ƙalubalanci wannan hani har gaban alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli ta ƙasar. A 2003 suka kori ƙararsa.

Da aka rufe ƙofar kotu, abin da ya saura shi ne fanshon naƙasa da ake biya kaɗan-kaɗan. Ga wanda ya rasa ƙafa a fagen fama, wannan tsari yana da ma'ana, domin zai daɗe yana karɓa. Ga mai mesotiliyoma kuwa, kusan izgili ne. Ƙungiyar tsoffin sojoji ta Royal British Legion ta yi lissafin da ya girgiza 'yan majalisa: farar hula ɗan shekara 63 zai iya samun kusan fam 180,000 a dunƙule ƙarƙashin dokar mesotiliyoma ta 2014, amma tsohon soja sa'ansa da ya rayu shekara guda zai tashi da ɗan abin da ya haura fam 30,000. A Disamban 2015 Ma'aikatar Tsaro ta miƙa wuya, ta amince da biyan fam 140,000 a dunƙule daga Afrilun 2016, daga baya ta shigar da waɗanda aka gano cutarsu kafin sanarwar. Nasara ce, amma mai sharaɗi. Wanda ya karɓi kuɗin ya sarayar da fanshonsa da na matar da zai bari, kuma masu sankarar huhu da asbestosis ba sa ciki.

A Amurka kuɗin ba laifi. Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji, wadda aka fi sani da VA, tana ɗaukar sankarar da ake fama da ita a matsayin naƙasa kashi 100, abin da ke kawo fiye da dala 3,700 a wata. Wahalar tana wajen kafa hujja. Dole tsohon soja ya nuna abu uku: cewa yana da cutar, cewa ya haɗu da asbestos a lokacin aikin soja, da kuma shaidar likita cewa wancan ne ya haifar da wannan. Ma'aikatar tana da jadawalin sana'o'in sojan ruwa gwargwadon yiwuwar shaƙar ƙurar, kuma yana taimakon mai kula da tukunyar tururi. Amma za ta kuma binciki aikin da mutum ya yi bayan ya tuɓe kaki. In ya taɓa aikin gini ko gyaran birki, ana iya cewa a can ya kwaso. Ga kuma sojojin ƙasa da na sama na da can, waɗanda gobarar 1973 a ma'ajiyar takardun soja ta St. Louis ta laƙume fayilolin miliyan 16 zuwa 18 daga cikinsu.

Batun taba ya ƙara dagula lamarin. Taba da asbestos in sun haɗu suna ninka haɗarin sankarar huhu. Rundunar sojan Amurka da kanta ta riƙa saka sigari a cikin guzurin sojoji har 1975, sannan a 1998 majalisa ta yi dokar da ta hana biyan diyya kan cutar da shan taba a lokacin aiki ya jawo. Ke nan wanda aka ba shi sigari da hannun dama, aka tura shi ɗakin inji da na hagu, shi ne yau ake nema ya tantance wanne ne ya ɓata masa huhu.

Amurka ta san maganin irin wannan matsala, domin ta yi amfani da shi. Dokar PACT da Shugaba Joe Biden ya sanya wa hannu a Agustan 2022 ta ce wanda ya yi aiki a wurare irin su Iraƙi da Afganistan, inda aka riƙa ƙona shara a ramuka, in ya kamu da wasu cututtuka da aka lissafa, za a ɗauka kawai aikin soja ne ya jawo. Ba a yi wa waɗanda suka shaƙi asbestos a jiragen ruwa irin wannan sassauci ba. Masu adawa suna da hujjarsu: asbestos ya cika gidaje da masana'antun farar hula a wancan zamani, kuma an ƙiyasta dokar PACT kaɗai za ta ci kusan dala biliyan 280 cikin shekaru goma. Hujjar tana da ƙarfi a kan sankarar huhu, wadda ke da sabubba da yawa. A kan mesotiliyoma kuwa ba ta tsayawa, domin asbestos ne ke haddasa mafi yawanta, kuma masu kamuwa da ita a faɗin Amurka kimanin 3,000 ne a shekara, soja da farar hula. A ganina, neman mutumin da ya kwashe shekaru a ɗakin inji, wanda likita ya ƙidaya masa watanni, ya tattaro takardun 1965, ba tsantseni ba ne, jinkiri ne da ajali ke cin ribarsa.

Hanya ɗaya da ta rage a buɗe ita ce ƙarar kamfanonin da suka sayar wa soja kayan. Da yawa sun durƙushe, kamar Johns-Manville da ya nemi kariyar fatara a 1982, suka bar asusun amana da ke biyan kaso kaɗan na abin da aka nema. A Maris na 2019 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai shida kan uku, ta ce kamfanin da ya ƙera injin jirgin ruwa, yana sane cewa sai an haɗa shi da asbestos zai yi aiki, wajibi ne ya yi gargaɗi ko da ba shi ya saka ba. Tsoffin sojojin ruwa biyu da aka yi shari'ar a kansu, John DeVries da Kenneth McAfee, duk sun rasu kafin ranar hukuncin. Iyalansu ne suka ƙarasa ta.