Kayan Tashe: Mu Haɗa Wa 'Ya'yanmu Da Hannunmu

'Yan'uwa mata, a birnin Nagoya na ƙasar Japan, tun 2003 a ke yin wani taron duniya inda samari da 'yan mata kan yi shigar jaruman littattafan zane da na majigi. A gasar da a ke yi wurin taron, sharaɗi ne kayan su zama haɗin hannu.

To, mu ma muna da namu tun kaka da kakanni, watau tashe, wanda yara kan fara daga goma ga watan azumi. Da can uwa ce kan liƙa wa ɗanta gemun auduga, ta naɗa masa rawani da tsohon zane, ta cusa masa tsumma ya yi tumbi. Takobi na kara ne, kwalliya kuwa gawayi da alli.

Abin takaici, yau sai a sayo wa yaro fuskar roba a kasuwa, a ce an gama. An kashe kuɗi, yaron bai koyi kome ba. Wanda ya zauna kusa da uwarsa ya ga yanka da ɗinki, shi ya sami abin da zai amfane shi gobe. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sai dai a kula. Auduga ba ta shiri da wuta, kada mai gemu ya matsa kusa da murhu ko fitila. Kada kuma a ba yaro wuƙar gaske, ta kwali ta isa.

Mu fara tara tsummoki tun watan Sha'aban. Allah ya raya mana zuri'a, amin.