SHARHI: Cinikin Sa'a Guda da Ke Kwance a Bakin Kogin Binuwai

Duk ɗan kasuwar da harka ta taɓa kai shi birnin Zanzibar, can a gaɓar gabashin Afirka, zai iya ba da labarin wasu ƙananan jiragen ruwa na katako da ke jeruwa a bakin teku tun da sassafe suna jiran baƙi. Tafiyar da suke yi ba ta da wani nisa. Cikin kamar rabin sa'a sun kai mutum wani ɗan tsibiri da ake kira Changuu, inda ake kiwon wasu manya-manyan kunkuru, daga nan kuma a tsai da jirgi a wuri marar zurfi, a miƙa wa baƙo tabarau na shiga ruwa da wani ɗan bututu da zai sa a baki yana shaƙar iska, ya kwanta rub-da-ciki a kan ruwan yana kallon kifaye da duwatsun murjani a ƙasansa. Kafin la'asar an mai da shi masaukinsa. Haka nan ake yi a Hurghada ta ƙasar Masar, a bakin Bahar Maliya.

Abin lura shi ne, da yawa daga cikin masu biyan kuɗin wannan yawo ba su iya iyo ba, wasunsu ma ranar ce suka fara taka jirgin ruwa. Abin da ya sa suke yarda su shiga shi ne an faɗa masu lokacin tashi da na dawowa, an yanke kuɗin tun a tudu, an ɗaura wa kowa rigar kariya da ke hana nutsewa, sannan ga gwanin ruwa a kusa da su. Kwanciyar hankalin baƙon da bai san ruwa ba ita ce hajar da ake sayarwa. Da irin waɗannan ƙananan hidimomi ne, tare da otal-otal, Zanzibar ta karɓi baƙi fiye da dubu 600 a shekarar 2023.

Ra'ayinmu a nan shi ne cewa wannan haja ana iya sayar da ita a Jimeta, musamman a gefen Rumde da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa da ke maƙwabtaka da Kogin Binuwai, kuma da jari kaɗan, muddin aka fahimci abin da za a kwaikwaya da abin da za a bari.

Abin da za a bari a fili yake. Ruwan Binuwai ba garau yake ba, da damina ja ne wur saboda laka, wanda ya sa tabarau ya leƙa ba zai ga ko tafin hannunsa ba. Ga kuma cutar tsargiya da ake ɗauka a ruwan koguna da tafkunan ƙasar nan, ga dorina a wasu sassan kogin. Saboda haka duk wanda ya zo da shawarar a tura baƙi cikin ruwa don kawai ya ga ana yi a wata ƙasa, to, a ba shi haƙuri. Baƙonmu yana zaune a cikin jirgi daga tashi har sauka.

To, me zai gani? Daga watan Nuwamba, in ruwa ya fara ja da baya, kogin yakan fitar da tsibiran farin rairayi masu faɗi a tsakiyarsa. Ga duwatsun Bagale a tsallake ta wajen Girei, ga babbar gadar Jimeta wadda dubban mutane ke bi ta kanta kullum amma kaɗan ne suka taɓa ganin ta daga ƙasa. Ga masunta na jefa birgi, ga zalɓe da balbela da kirinjijiya, ga lambunan rani a gaɓa. Kusa kuma akwai Tafkin Geriyo, inda Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama ke da aikin noman rani. Mutumin Rumde da ya tashi yana ganin waɗannan abubuwa ba zai ɗauke su a bakin komai ba, amma malamin makarantar da aka yi wa canjin aiki daga Kano, ko ɗalibar da ta zo karatu daga Inugu, a wurinsu abin kallo ne.

Akwai kuma labari, wanda shi ne rabin aikin ɗan rakiya. Wannan kogi shi ne ya yi Jimeta. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kuma bayan shekara goma Bajamushen nan Heinrich Barth ya tsallaka Binuwai a mahaɗarsa da Kogin Faro kan hanyarsa ta zuwa birnin. A ƙarshen ƙarni na 19 Kamfanin Royal Niger yana ciniki ne daga cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a kan ruwa kusa da Yola, kuma ta kogin ne sojojin Ingila suka iso a 1901 zamanin Lamiɗo Zubairu. Bayan haka, shekaru da dama, da zarar ruwa ya cika sai jiragen kamfanoni su hauro daga Lakwaja ɗauke da gishiri da yadi da kananzir, su wuce har Garwa a Kamaru, su koma da gyaɗa da auduga da fatu. Yaƙin basasa, da shigowar manyan motoci, da cushewar kogin da yashi, su suka kashe wannan zirga-zirga. Yaron da aka koya wa wannan tarihi, ya iya faɗinsa da Hausa da Fulatanci da Turanci cikin minti 15, ya samu sana'a.

Masu saye kuwa ba sai an jira Turawa ba, kuma wannan shi ne kuskuren da aka daɗe ana yi tun daga lokacin da aka kafa Hukumar Bunƙasa Yawon Shaƙatawa ta Ƙasa a 1992: kullum ido na kan baƙon waje da kuɗin ƙasarsa. Yola babban birnin jiha ne tun zamanin Gongola a 1976. Tana da Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya, tana da filin jirgin sama, ga ma'aikatan gwamnati da na bankuna da na ƙungiyoyin agaji, ga 'yan biki da ke zuwa ɗaurin aure kowane ƙarshen mako su rasa inda za a kai su bayan an watse. Magidancin da ke neman inda zai fita da iyalinsa ranar Sallah shi ne babban mai saye, kuma shi zai dawo baɗi.

Sai dai akwai abin da ke tsakanin wannan magidanci da bakin kwata, wato tsoro, kuma tsoron nan yana da dalili. A watan Satumba na 2023 jirgi ya kife da mutane a Tafkin Njuwa kusa da Rugange, cikin Yola ta Kudu, aka yi asarar rayuka, kuma ba a yi mako guda ba wani ya sake kifewa a Gurin ta Ƙaramar Hukumar Fufore. A watan Yuni na wannan shekara mutum fiye da 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Kusan duk lokacin da aka bi diddigin irin waɗannan haɗurra abubuwa guda ne ke fitowa: lodi fiye da kima, tsohon jirgi, tafiyar dare ko cikin hadari, da rashin rigar kariya.

Ya kamata 'yan kasuwa su dubi dalilin lodin da idon lissafi, domin ba mugunta ce ke sa matuƙi ya cika jirgi ba. Kuɗin tsallakawa kaɗan ne, man fetur kuwa ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023, don haka ribarsa tana cikin mutum biyar ɗin ƙarshe da ya cusa. A yawon shaƙatawa lissafin juyawa yake yi. A ƙaddara jirgi mai ɗaukar mutum 20 an ce 10 kaɗai zai ɗauka, kowa da wurin zamansa da inuwa a kansa. Wannan sarari shi ne abin da mai iyali ke biya, kuma zai biya ninkin-ba-ninkin kuɗin tsallakawa saboda shi. Ranar da matuƙi ya ƙara mutum na 11, ya rage darajar kayansa da hannunsa. Ke nan a wannan sana'a kiyaye rai da neman riba hanyarsu ɗaya, abin da ba a cika samu ba a harkar sufuri.

Jarin da ake bukata bai wuce ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa ba: jirgi mai lafiya guda ɗaya ko biyu, inji da filafilai na ko-ta-kwana, rumfa, rigunan kariya na manya da na yara, 'yar matattakala mai ƙarfi da mace mai goyo za ta iya hawa ba tare da ta tsoma ƙafa a laka ba, da rumfar jira mai wurin alwala. Littafi kuma a ajiye a kwata, a rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin da ya sauka. Kada mai jari ya ɗauko matuƙa daga wani wuri. Masunta da matuƙan da suka gaji kogin su suka san inda yashi ya koma bana da inda dorina ke kwana, kuma duk shirin da aka yi ba tare da Sarkin Ruwa da ƙungiyar masu jirage ba, to, ba zai kai watan uku ba. A yi yarjejeniya a rubuce, a ba su kasonsu a kan kowane kai.

Dole ne kuma mai jari ya shigar da watannin rufewa cikin lissafinsa tun daga farko. Daga Agusta zuwa Oktoba kogin ba abin wasa ba ne, balle in hukumomin Kamaru sun saki ruwan madatsar Lagdo, wadda aka gama ginawa a 1982. Mutanen bakin kogi a Jimeta ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba, kuma madatsar Dasin Hausa da aka ce za ta tare wannan ruwa a yankin Fufore har yau ba a gina ta ba. Don haka duk abin da za a kafa a bakin ruwa ya zama wanda za a iya kwancewa a ɗauke cikin yini guda. Wanda ya zuba siminti a wurin ya yi wa kogi kyauta.

Daga gwamnati ba a bukatar wani katafaren wurin shaƙatawa da za a yi bikin aza harsashinsa sannan ciyawa ta cinye. Abin da ake bukata ƙanana ne. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ita ke da alhakin rajistar jirage da duba lafiyarsu, kuma dokokinta sun riga sun hana tafiyar dare da tafiya ba rigar kariya. A samu jami'inta a kwata, a manna adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka a jikinsa. Ƙaramar hukuma ta keɓe kwata guda, ta kwashe ledoji da sharar da ke jibge a gaɓa, ta gina makewayi, domin babu wanda zai kawo iyalinsa ya bi da su ta cikin ƙazanta. Haraji kuma ya zama guda ɗaya sananne, kada ranar da aka ga mutane sun fara zuwa masu rasit kala-kala su yi wa wurin tsinke.

Kamfanonin inshora ma suna da abin yi. Tun daga watan Oktoba na 2024 Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo daga waje sayen inshora ta dala 44 kafin ya shiga. Ba mu ce a kai nan ba, amma ɗan abin da za a ɗora a kan kowane tikiti zai sa kamfanin inshora ya turo mutuminsa ya duba jirgin kafin ya sa hannu, kuma dubawar mai tsoron asarar kuɗinsa ta fi ta kowa tsanani.

Wasu za su ce ai jihar tana da bikin kamun kifi na Njuwa, a farfaɗo da shi ya isa. Muna goyon bayan hakan, sai dai biki na 'yan kwanaki ne a shekara, kuma ya dogara ga aljihun gwamnati. Ko na Argungu, duk da sunan da ya yi a duniya, sai da ya tsaya bayan na 2009 har zuwa 2020. Yawon sa'a guda kuwa ana iya yin sa kowace Asabar da Lahadi na tsawon watanni shida ko bakwai, kuma mai gasa kifi, da mai ɗaukar hoto, da mai Keke Napep da zai kawo mutane daga cikin gari duk za su samu rabonsu. Mai son gwadawa ya yi amfani da watannin cikar kogi wajen gyaran jirgi, da rajista, da zama da masu ruwa, domin ya fara ɗaukar mutane a makon farko na Disamba.