Gidan da Ya Gaji Hidimar Fada: Darasi daga Gidadawan Sakkwato



Duk wanda ya kalli jana'izar Sarauniyar Ingila a 2022, ko naɗin ɗanta Charles a 2023, ya ga tsari kamar an ja da zare. To, ba gwamnati kaɗai ta shirya shi ba. Akwai wani gida, gidan Duke na Norfolk, da ya gaji wannan aiki tun 1672: su ke tsara jana'izar sarki da naɗin magajinsa. Haka ma gidan su Diana, wato Spencer. Mahaifinta ya yi wa Sarki George na Shida hidima a fada, ya kuma yi wa Sarauniya Elizabeth, kakanninta mata biyu kuwa duk sun yi hidima a wajen uwar sarauniya. Mu dai abin da muke gani a waya shi ne huluna da keken doki da sukuwar Ascot da liyafa. Amma wannan duk kumfa ce a saman tukunya, aikin yana ƙasa. Kuma kusantar sarki ba kullum take daɗi ba: a 1572 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta sa an sare kan Duke na Norfolk na huɗu.

Ba sai mun je Ingila ba. Muna da irin wannan gida, kuma tarihinsa ya taɓa zamanmu a Sudan. Ina nufin Gidadawa, zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, waɗanda har yau unguwarsu ke nan a cikin Sakkwato da sunansu.

Giɗaɗo aminin Muhammadu Bello ne tun kafin mulki. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, shi ya riƙe masa waziranci. Kada wani ya ɗauka waziri mai zama ne a gefen karaga yana cewa "Allah ya ja zamanin sarki". Shi ne mai kula da wasiƙun daula, shi ne ƙofar manyan masarautu irin su Kano da Zazzau, shi ke hawa doki ya yi makonni a hanya don sasanta rigima ko naɗa sabon sarki. Baƙo ma a hannunsa yake sauka. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya karɓe shi, ya kula da masaukinsa da shigarsa fada. Ka ga ke nan karɓar baƙi da ciyar da su, wanda mu muke ɗauka shagali ne, a wajensu wani ɓangare ne na aiki.

Sai kuma abin da nake so iyaye mata su saurara da kyau. Matar Giɗaɗo ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis ke ɗaukar karatu daga wajenta su kai wa matan ƙauye. Ɗansu Abdulƙadir shi ya gaji waziranci. Yaron da ya tashi uba na rubuta wasiƙar daula, uwa na rubuta littafi, ai ba a tambayar inda ya samo iya alƙalami. Auren nan ya haɗa gidan da jinin Shehu, gaskiya ne, amma tarbiyyar da aka yi a cikin gida ita ta sa rawanin ya zauna.

Hidimar fada tana da ranar baƙin ciki. A 1893 Sarkin Kano Bello ya rasu, Waziri Buhari yana garin. Umarni ya zo daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a naɗa Tukur, alhali zukatan da yawa daga 'ya'yan sarauta na wajen Yusufu. Waziri ya zartar da umarnin ubangidansa. Abin da ya biyo baya shi ne yaƙin Basasa, wanda ya ci rayuka ya tarwatsa garuruwa, kasuwanci ya tsaya, daga ƙarshe Alu ya hau gadon Kano. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ji Bahaushe. Amma wannan aski ya jawo jini.

Shekara goma bayan haka sai ga jarrabawar da ta fi. A watan Maris na 1903 sojojin Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da ɗimbin jama'a, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, garin da da yawa daga cikinmu ke da dangi a cikinsa. Waziri Buhari kuwa ya koma cikin gari ya zauna da waɗanda ba su iya tafiya ba, ya yi sulhu da masu ƙarfi. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya rubuta wasiƙa zuwa ga malamai yana bayyana hujjarsa. Mu jikokin masu tafiya, yana da sauƙi mu ɗaga hanci mu ce wanda ya zauna ya yi rauni. To amma tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar nan a Afrilun 2023, wane gida ne a cikinmu bai yi wannan muhawara ba? Wani ya kwashe iyali ya ƙetare iyaka, wani ya ce shi zai tsare shago da tsofaffi. Yanzu mun san nauyin kowanne.

Zaman Buhari ya bar wa Sakkwato wani abu. Ɗansa Junaidu, wanda aka haifa a 1906, ya zama waziri a 1948, ya riƙe har rasuwarsa a 1997. Ya tara tsofaffin rubuce-rubuce da wasiƙun kakanninsa ya adana, masu bincike daga ko'ina suka riƙa zuwa zaurensa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Da yawa daga abin da aka sani yau game da daular Usmaniyya, daga takardun wannan gida ya fito.

Wani zai ce, Malam, mu 'yan riɗi da dawa, ina ruwanmu da wazirai? Ruwanmu babba ne. Kowane ɗan kasuwa sarki ne a ɗan shagonsa, kuma yana da wazirinsa: yaron da kake ɗora wa buhuna ya kai kasuwar amfanin gona ta Gadarif, wanda ke riƙe maka littafin bashi, wanda ke karɓar kuɗi a madadinka kana wata ƙasa. Wasunmu kuma su ne wazirin wani. Tambayar ita ce, me muke gadar wa 'ya'yanmu daga wannan matsayi?

Na lura mun fi saurin kwaikwayon kumfar. A bana riɗi ya yi kuɗi, sai a yi bikin kwana bakwai, a yanka abin da ba a da shi, a ɗinka wa gida duka kaya iri ɗaya don a ce wane ya isa. Damina ta zagayo, babu kuɗin iri da na ma'aikata, a koma cin bashi a kan amfanin da ba a shuka ba. Alhali ɗan gidan bai iya rubuta lissafin buhu ashirin ba, 'yar gidan kuma an cire ta daga makaranta.

Shawarata guda uku ce. Ka zaunar da ɗanka kusa da kai ranar ciniki, ya ga yadda ake cika alkawari ko da an faɗi. Ka bar 'yarka ta yi karatu, domin ita ce makarantar jikokinka. In kuma kai ne na hannun daman wani, ka tuna da Kano ta 1893: in ka hango umarnin maigida zai jawo ɓarna, ka faɗa masa a keɓe, cikin ladabi, tun kafin ka zartar. Kai kuma maigida, ka riƙe yaron da ke iya ce maka "Alhaji, wannan ba daidai ba ne". Irinsa ba a samunsa a kasuwa.

Kyan ɗa ya gaji ubansa, haka ne. Sai dai uban ya duba abin da zai bari a gada.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar nan, ya sa albarka a kakar bana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.