Sharhi: Zazzaɓin Lassa da buƙatar sanin dangin ƙwayar cutar da ke yawo a Nasarawa

Da zarar kaka ta wuce, iska ta fara busawa, asibitocin Lafia da kewaye sukan shiga shirin ko-ta-kwana. A wannan lokaci ne manoma ke shanya rogo, masara da riɗi a bakin hanya, matasa kuma na cinna wa daji wuta domin farauta, ɓeraye su gudo cikin gidaje da rumbuna. Daga watan Disamba zuwa Afrilu ne zazzaɓin Lassa ya fi tsananta a Najeriya, kuma Nasarawa na cikin jihohin da sunansu ke fitowa a rahotannin Hukumar Daƙile Yaɗuwar Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC.

An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Ana kamuwa da ita ta hanyar abinci ko kayan gida da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya gurɓata, sannan takan yaɗu daga majinyaci zuwa mai jinya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, amma sauran sukan kwanta rai a hannun Allah, wasu daga cikin waɗanda suka warke kuma su kurumce.

Gwajin da aka saba yi yana tabbatar da ko mutum na ɗauke da cutar ko a'a. Akwai wani mataki da ya zarce wannan, wato karanta jerin ƙwayoyin gadon cutar. Kowace ƙwayar cuta na ɗauke da umarnin halittarta a rubuce da sinadarai huɗu da masana ke kwatantawa da haruffa. Ta Lassa tana da haruffa sama da dubu 10, ta korona kuma kusan dubu 30. Yayin da ƙwayar ke hayayyafa, wasu haruffan kan canza. Idan aka jera na majinyata da yawa aka kwatanta, sai a gane waɗanda suka haɗa kaka, kamar yadda ake bin salsalar zuriya.

Amfanin wannan ilimi ya bayyana a 2018, shekarar da aka tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 600 a faɗin ƙasa. An shiga fargabar cewa wata sabuwar ƙwaya ce ta ɓulla mai saurin tsallakawa tsakanin mutane. Masana a Asibitin Koyarwa na Irrua a Jihar Edo, da cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinsu na ƙetare, suka karanta samfuran majinyata. Sakamakon ya nuna cewa tsofaffin dangogin da aka sani ne, kuma akasarin mutanen daga ɓera suka ɗauka, kowa ta hanyarsa. Wannan ya sa aka fi karkata ga tsaftar muhalli da killace abinci, tare da ci gaba da kare ma'aikatan jinya.

Irin wannan bincike ne ya fallasa, a watan Agustan 2016, cewa ƙwayar shan inna da ta shanye yara a Gwoza da Jere dangin wadda aka gani ce a Borno tun 2011, ma'ana ta shafe kusan shekara biyar tana yawo ba a sani ba. Haka kuma cibiyar ta Ede ce ta fara karanta ƙwayar korona a nahiyar Afirka a watan Maris na 2020.

Abin da ya fi shafar Nasarawa shi ne wani darasi na daban daga binciken Lassa. Ƙwayar ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Kogin Neja da na Binuwai sun zame wa ɓeraye shinge, saboda haka dangi na biyu ya fi yawa a kudu, dangi na uku kuma a arewacin kogunan, inda Nasarawa, Filato da Bauchi suke. Amma mafi yawan samfuran da aka karanta sun fito ne daga kudu, musamman Edo, Ondo da Ebonyi, inda manyan cibiyoyin jinyar cutar suke. Ke nan abin da aka sani game da dangin da ke kwantar da mutanen Lafia, Doma, Awe da Keana bai kai na kudu ba.

Wannan giɓi na iya janyo asara ta fuska biyu. Na farko, kayan gwaji na neman wani yanki ne takamaimai a jikin ƙwayar. Idan yankin ya sauya, gwaji zai iya cewa babu cuta alhali tana nan, kuma an taɓa sake fasalin gwajin Lassa saboda wannan dalili. Maganin ribavirin da ake amfani da shi kuwa ya fi tasiri idan an fara da wuri, don haka jinkirin 'yan kwanaki na iya cin rai. Na biyu, har yanzu babu rigakafin Lassa da aka amince da shi. Wanda ƙungiyar IAVI ta fara gwajinsa a mataki na biyu a Abuja a 2024 an gina shi ne a kan dangin Saliyo. Tabbatar da cewa zai kare manomin Nasarawa na buƙatar cikakken bayani kan ƙwayar yankinsa.

Jihar ba ta rasa tubalin ginawa ba. Akwai cibiyar gwajin cututtuka masu yaɗuwa da gwamnatin jihar ta gina a Lafia, da Jami'ar Tarayya ta Lafia, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, ga kuma babban ɗakin gwaje-gwajen NCDC a Gaduwa, Abuja, tafiyar 'yan sa'o'i. Na'urar karatun ma ta daina zama abin gagara, domin wadda aka yi aiki da ita a Irrua ba ta wuce tafin hannu ba.

Wahalar tana wajen abin da ke kewaye da na'urar: sinadaran da ake saye da dala, wutar lantarki da ba ta yankewa, jigilar jini cikin sanyi daga ƙauye, da ƙwararrun da za su fassara bayanan a kwamfuta. Duk waɗannan kuɗi ne na kowace shekara, kuma tallafin ƙetare da aka dogara da shi yana raguwa.

Saboda haka matakin da ya fi kusa shi ne gwamnatin jiha ta ware kaso na dindindin a kasafin lafiya, ta ƙulla yarjejeniya da NCDC domin a riƙa karanta wani adadi na samfuran Nasarawa a kowane rani, sakamakon kuma ya dawo hannun likitocin jihar da wuri. Jami'ar Lafia na iya ɗaukar nauyin horar da matasan da za su riƙe aikin. Kafin nan, rufe abinci, daina shanya a ƙasa da gaggauta zuwa asibiti idan zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya su ne kariyar da ke hannun kowane gida.